Sista A'i da Allurar Fenta

A'i ɗiyar Malam Abdulmumin ta Jandutsi mace ce gajera, mai ɗan jiki, mai saurin tafiya kamar wadda ta baro tukunya a kan wuta. Tun tana ƙarama dariya ce matsalarta. Idan ta taso mata sai ta zube ƙasa ta riƙe ciki, hawaye na zuba, har wanda bai san abin da aka yi ba ya kama taya ta. Sau biyu ana korar ta daga islamiyya saboda haka, sau biyun kuma malamin da kansa ya aika a dawo da ita, don ya ce ajin ya yi masa shiru da yawa.

Mahaifiyarta 'yar Aliero ce, daga gidan masu ɗori, kuma can A'i take yin hutun makaranta a wurin kawunta Tamu. Zauren Kawu Tamu ba ya rabuwa da mutane: wanda ya faɗo daga bishiya, wanda saniya ta taka, wanda babur ya yar. A nan ta fara lura da wani abu. Mutum zai shigo yana ihu kamar ana yanka shi, amma da zarar an daidaita ƙafar an ɗaure ta da kara ta daina motsi, sai ihun ya ragu da rabi. Kawun kuma bakinsa ba ya hutawa yayin da hannunsa ke aiki. Sai ya tambayi mutum ina gonarsa take, wa ya auri ƙanwarsa, me ya haɗa shi da mai unguwarsu, kafin mutum ya gama ba da amsa an gama ɗaurin. Ta kuma ga waɗanda ƙafarsu ta kumbura ta yi baƙi, kawun ya girgiza kai ya ce wannan ta fi ƙarfin kara, a nufi asibiti. Son sanin abin da ake yi musu a can ne ya kai ta makarantar koyon jinya a Birnin Kebbi.

Da ta gama ta auri Mukhtar, malamin firamare a Jega Magaji, ta haifi 'ya'ya uku, aka kuma ajiye ta a ɗakin agajin gaggawa na wani asibiti a Jega, ɗakin da kowa ke kira imajansi. Wuri ne da ba ya sanyi. Titin da ya bi ta Maiyama zuwa Koko kullum yana aiko musu da baƙi, ga 'yan kabu-kabu, ga masu faɗa a kan iyakar gona, ga waɗanda kunama ta harba.

A wancan lokacin al'adar ɗakin guda ce. Duk wanda ya shigo yana kuka, a buɗe kabad a zuƙo masa fenta. Fenta allura ce mai ƙarfi, dangin taramol, tana kwantar da ciwo nan take, tana kuma sa mutum ya ji kamar an ɗauke shi an ɗora a kan auduga. Mabuɗin kabad ɗin a wuyan A'i yake rataye duk ranar da take aikin safe, kuma kowa ya san hannunta a sake yake. Ba ta iya jin kukan babban mutum. Likita na rubutawa, kafin biro ya bar takarda ta riga ta fasa kwalba. Marasa lafiya na sa mata albarka, ita ma tana ganin lada take tarawa.

Abdussalam ne ya ɓata mata wannan lissafi. Ɗan dako ne a kasuwar albasa, ƙato, mai wuya kamar turmi, buhu ya zamo daga kan mota ya karya masa haƙarƙari biyu. A'i ce ta yi masa fenta ta farko, ta yi masa ta biyu da ta uku a kwanakin da ya yi a kwance. Bayan mako guda da sallamarsa ya dawo ya ce wurin na yi masa suka. Bayan wani makon ya ce bayansa ne. Tana tsokanarsa tana kiransa ɗan gida, tana cewa za ta sa a yanka masa fili a harabar asibiti ya yi gini. Da likita ya hana a ƙara masa, sai ya daina zuwa, ita kuma ta manta da shi.

Kusan shekara guda bayan haka, ta shiga kasuwa sayen kayan miya da la'asar, sai ta ji an ce Sista. Ta juya ta ga wani ramamme zaune a gindin bango bayan wani kemis. Sai da ya yi murmushi ta gane shi. Wuyan nan ya tafi, damatsansa duk gyambo da tabon allura, fatar wurin ta yi tauri kamar ƙirgi. Ya gaishe ta da ladabi, ya tambayi yara, sannan ya ce, ba da zargi ba, da zuciya ɗaya:

"Ke kika fara nuna min ita, Sista. Wallahi ban taɓa samun mai hannu irin naki ba."

A'i ta koma gida ba kayan miya. Kwana huɗu ba wanda ya ji dariyarta. Yara suka riƙa tafiya a kan yatsun ƙafa. Mukhtar ya zauna ya binciki kansa tsaf, ya kasa gano laifin da ya yi, amma don kada a yi sake ya je ya sayo mata turmin zani ya ba ta haƙuri. Ta karɓi zanin ta gode, ta ci gaba da shirunta.

A rana ta biyar Likita Waliyyu ya kira taron ma'aikatan imajansi. Shi mutumin Maiyama ne, dogo siriri, mai magana ƙasa-ƙasa kamar yana tsoron ya tashi wani daga barci, kuma bai daɗe da dawowa daga wani kwas ba. Ya juya bayan tsohuwar kalanda ya zana matakala. Ya ce ciwo hawa-hawa ne, maganinsa ma haka, amma su sun saba duk wanda ya zo sai su ɗauke shi cak su dire a matakin ƙarshe. Ya ce a fara da abin da ke ƙasa: a ɗaure karaya ta daina motsi tun kafin a je ɗaukar hoto, a ɗaga ƙafar da ta kumbura, a sa ƙanƙara, a ba da farasitamol tare da maganin kumburi a kan lokaci ba sai mutum ya fara birgima ba. Ya ce akwai allurar kashe wuri, irin wadda ake yi kafin ɗinki, idan aka san inda jijiya ta bi aka sa ta a nan, hannu ko cinya gaba ɗaya sai su yi shiru, mutum kuma idonsa biyu, hankalinsa a jikinsa, ba abin da zai ja shi ya dawo nema. Ya ce a riƙa yi wa mara lafiya magana, don tsoro kansa yana ƙara wa ciwo nauyi. Fenta kuma a bar ta ga wanda ya cancanta.

Zafi ake yi, fanka ba ta juyawa, rabin mutanen sun fara gyangyaɗi. A'i kaɗai ce ta zuba wa kalandar ido. Can sai kafaɗunta suka fara rawa. Kafin a ankara ta sulale daga benci ta zauna a ƙasa tana dariya har da buga ƙafa, masu gyangyaɗi suka farka a firgice. Da ƙyar ta samu numfashin da ta gaya wa likita cewa rabin abin da gwamnati ta tura shi wata uku ya koyo, kawunta da ko aji ɗaya bai yi ba yana yinsa a zaure tun kafin a haife su. Likita Waliyyu bai ji haushi ba. Ya ce to madalla, ke nan rabin aikin ta riga ta iya, saura ta taya shi da ɗaya rabin.

Washegari A'i ta zo aiki da babbar kular da aka ba ta a kayan aure. Asibitin ba shi da wutar da za ta riƙe ƙanƙara, amma a bakin ƙofa akwai Binta mai sayar da ruwan sanyi da zoɓo, wadda ke da firiza mai aiki da hasken rana. Suka shirya kowace safiya Binta za ta cika kular. Ranar farko ƙanƙarar ruwa ta ƙare tun kafin azahar, sai Binta ta aiko da zoɓo daskararre a leda. A'i ta naɗe ƙulli biyu a tsumma ta ɗora a idon sawun wani ɗan ƙwallo da ya gurɗe, ta ce ya riƙe, ta tafi duba wani. Da ta dawo ta tarar da ƙafar a buɗe, bakin saurayin ja wur, yana tsotsar ledar ta biyu. Ya ce gaskiya maganin nan yana da daɗi, kuma har ya fara jin sauƙi. Sai da aka zo aka ɗaga A'i daga bakin gado, inda dariya ta kayar da ita.

Mutane ba su karɓi sabon tsarin da hannu biyu ba. A wurin da yawa, idan ba a soka maka allura ka yi barci ba, to ba a duba ka ba. Wasu suka ce asibiti ya fara rowa. Wani ya ce da ya san ƙanƙara za a ba shi da ya tsaya a shagon unguwarsu. A'i ba ta musu da kowa. Sai ta ja kujera ta zauna, ta ce a ba ta minti ashirin, idan ciwon bai sauka ba ita da kanta za ta kira likita ya rubuta. Sau da yawa kafin minti ashirin ɗin su cika mai ƙorafin ya shiga ba ta labarin surukarsa.

Wadda ta fara yaɗa sunanta a rugage wata tsohuwa ce Bafulatana, da kunama ta harba a yatsa da hantsi tana ɗibar kara. An kawo ta a babur tana kuka tana kiran sunan uwarta da ta rasu shekara arba'in da suka wuce. Likita ya sa allurar kashe wuri a gindin yatsan, dama da hagu. Tsohuwa na tsakiyar jan wani dogon kuka sai ta tsaya cak, baki buɗe. Ta dubi likita, ta dubi A'i, ta ƙi duban hannun. A hankali ta tambaya da Hausarta mai gauraye da Fulatanci ko sun yanke yatsan ne, in sun yanke a ba ta abinta ta tafi da shi. A'i ta kama hannun ta ƙirga mata yatsu biyar ɗaya bayan ɗaya, sau biyu, sannan tsohuwa ta yarda. Bayan kwana uku ta aiko da ƙwaryar nono.

Sai kuma ranar Alhaji Sambo. Babban dillalin albasa ne na Aliero, mutum mai tumbi da murya, ya hau duba rudun da yake ajiye albasarsa, ƙafa ta zame, ya faɗo a kan kafaɗa ta goce daga mazauninta. Tun daga mota yake ba da umarni a kawo masa allurar nan mai sa barci, guda biyu ma in akwai. Likita ya duba hoto ya ga ba karaya. Ya ja A'i gefe ya ce akwai hanyar da ake mayar da kafaɗa ba ja ba murɗa, ba allura, sai tausa kawai, amma dole mutum ya zauna a miƙe, ya turo ƙirji, ya kuma manta da kafaɗar. Shi zai iya tausar. Mantarwar ce ba ya iyawa.

Aka zaunar da Alhaji a kujera yana nishi ya dunƙule wuri guda. Likita ya zauna gabansa, ya ɗora hannun Alhaji a kan kafaɗarsa shi, ya fara matsa masa naman wuya da na damtse a hankali. A'i ta tsaya daga gefe tana naɗe bandeji kamar ba ruwanta, sannan ta ce, kamar da kanta take magana, ita dai ta daina sayen albasar Aliero. Ta ce yanzu duk ruwa ce, kwana uku ta ruɓe, ta Jega ta fi ta ƙarko nesa ba kusa ba, kuma ta ji direbobin kudu ma haka suke faɗi.

Nishin ya tsaya. Alhaji ya ɗago kai.

"Ke ɗiyar wa ce?"

Ta ce ɗiyar Jandutsi ce.

"Shi ya sa. Mi mutanen Jandutsi suka sani ga albasa?"

Ya miƙe zaune, ƙirji ya fito, wuya ya tsaya. Ya fara daga iri, ya gangaro kan ƙasar fadamarsu, ya shiga yadda ake shanya da yadda ake jerawa a rudu iska na ratsawa, ya rantse albasarsa ta yi wata shida ba ta yi ko tabo ba. Duk inda ya so ya sassauta A'i sai ta ce ita dai ba ta gani ba. Likita na ta tausa, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Can wani abu ya ce ƙwas a hankali. Alhaji bai ji ba. Ya zare hannunsa daga kafaɗar likita ya nuna A'i da shi yana kaɗawa, yana cewa gobe-goben nan zai aiko mata da buhu ta ajiye a ɗakinta ta gani da idonta. Sai ya ga kowa ya zuba wa hannun ido. Shi ma ya dube shi, a sama, yatsa a miƙe. Ya daɗe a haka. A'i kuwa tuni ta kai ƙasa, bandejin ya warware ya gangara har ƙarƙashin gado.

Buhun ya zo, kuma albasar ta yi ƙarko yadda ya faɗa.

Daga nan kan A'i ya fara ɗaukar zafi. Mako ya wuce ba a buɗe kabad ba sai sau biyu, sai ta ƙudura a ranta sai an yi mako cur ba a buɗe ba. Tana tafe tana kaɗa mabuɗin a wuya kamar sarƙar amarya. A cikin wannan yanayi aka kawo Zahra'u, ɗalibar kwaleji mai shekara sha tara, mai ciwon sikila, ciwon ya taso mata a baya da cinyoyi. Likita na ɗakin tiyata. A'i ta san ƙanƙara ba ta mai sikila ba ce, don haka ta sa mata ƙarin ruwa, ta jera mata gorunan ruwan ɗumi, ta ba ta farasitamol, ta ja kujera ta shiga ba ta labarin Alhaji Sambo har da kwaikwayon muryarsa. Zahra'u ba ta yi ihu ba. Masu sikila da yawa sun daɗe da daina ihu. Ta dai damƙe ƙarfen gado, leɓenta ya bushe, idonta na kallon silin. A'i ta ɗauki shirun a matsayin nasara, ba ta aika a kira kowa ba, har kusan awa biyu.

Da likita ya fito ya dubi yarinyar sau ɗaya, ya ce Sista ta buɗe kabad. A'i ta fara cewa ai saura kwana ɗaya mako ya cika. Bai ɗaga murya ba, bai taɓa ɗagawa ba.

"Sista, ba mu yi alkawari da kabad ba. Da mara lafiya muka yi. Buɗe."

Ta buɗe, aka yi wa yarinyar allurar. Bayan rabin awa yatsun Zahra'u suka saki ƙarfen gado ɗaya bayan ɗaya. A'i ta durƙusa a gefenta ta roƙi gafara, ta ce son kai ne ya rufe mata ido. Yarinyar ta yi ɗan murmushi ta ce:

"Labarinki da daɗi, Anti. Sai dai ƙashina ba ya jin Hausa."

A'i ta yi dariya da kuka a haɗe, har ta rasa wanne ya fi yawa. Tun daga ranar ta daina ƙirga kwanakin kabad. Ta koyi tambayar mutum shi da kansa yaya ciwon yake, ta kuma yarda da amsarsa ko da bai yi ihu ba.

A cikin satin ne kuma ta koma bayan kemis ɗin nan ta nemo Abdussalam. Sau uku yana yi mata alkawari yana ɓacewa. A na huɗu ta je da Mukhtar, suka sa shi a tsakiya a kan babur suka kawo shi wurin likita. Aka wanke gyambunan, aka rubuta masa takarda zuwa inda ake kula da masu irin matsalarsa. Ya yi wata biyu ya dawo, ya sake zamewa, aka sake mayar da shi. Ƙarfin dako bai dawo masa ba, hannunsa na hagu ma ba ya miƙewa sosai, amma yanzu shi ke ɗinke bakin buhuna a rumfar Alhaji Sambo, wanda A'i ta matsa wa lamba har ya ɗauke shi.

Babbar ranar gwaji ta zo da kakar albasa. Da hantsi tayar wata babbar mota ta fashe kusa da Sarandosa, ta kwanta a gefen titi da lodinta, da mutum ashirin da wani abu da suka hau saman buhuna. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma aka kwaso su duka zuwa Jega a motoci uku. Mutanen sun yi birgima a cikin albasar da ta farfashe, tufafinsu sun jiƙe da ruwanta. Minti biyar da shigowarsu, duk wanda ke imajansi hawaye yake yi: masu rauni, 'yan rakiya, masu shara, har ɗan sandan da ya zo ɗaukar bayani. Likita Waliyyu na ɗinki yana share ido da kafaɗa. Wata mata da ta leƙo neman mijinta ta ga kowa na kuka sai ta ɗora hannu a ka, da ƙyar aka nuna mata shi zaune lafiya lau da ƙullin zoɓo a goshi.

A'i ta zama kamar mutum uku. Karan ɗaurin asibiti ya ƙare, ta sa aka yayyanka kwalayen magani aka naɗe hannuwa da su. Binta ta rufe sana'arta ta turo duk abin da ke firiza. Likita na bi gado-gado da allurar kashe wuri, wanda cinyarsa ta karye a sa masa a matsematsi, kafin a ɗaga shi ya daina cizon riga. A'i na biye tana rarraba ƙwayoyi, tana tambayar wannan garinsu, tana haɗa wancan musu da maƙwabcin gadonsa a kan wa ya fara faɗowa. Mutum biyu ta buɗe wa kabad ba tare da jinkiri ba, direban da ƙarfe ya matse wa ƙafa da wani dattijo da ƙugunsa ya tsage, aka kuma wuce da su babban asibiti. Kafin la'asar ɗakin ya lafa. Sauran na zaune ido biyu, suna kiran gida a waya, wasu har sun fara tambayar ina za a samu abinci.

Likita ya tsaya a tsakiyar ɗakin ya dudduba, ya ce a hankali, aiki ya yi kyau. A wurinsa wannan daidai yake da wani ya buga tambari. Murna ta ɗebi A'i. Ta fito baranda tana 'yar rawa, tana juyi da hannu sama, ba ta ga wata albasa guda da ta gangaro daga aljihun wani ba. Ƙafa ta tafi, A'i ta bi, ta tare ƙasa da hannun dama.

Ihun da ta yi har Binta ta ji a bakin ƙofa. Aka ɗauko ta aka ɗora a gadon da ta gama gyarawa, wuyan hannun ya lanƙwashe. Abokan aikinta suka taru, ɗaya ya kawo kwali, ɗaya ta kawo ƙanƙara, ɗaya ya ja kujera ya fara tambayarta ina gonar babanta take. A'i ta ce kada wanda ya kuskura ya yi mata wannan. Ta fizgo mabuɗin daga wuyanta da hannun hagu ta miƙa wa likita.

"Likita, don girman Allah buɗe. Ni tawa daban ce. Ni na san tawa daban ce."

Waɗanda suka faɗo daga mota suka ɗago daga gadajensu suna kallo. Wani mai kwali a hannu ya ce ai ita ta ce minti ashirin. Likita ya karɓi mabuɗin ya sa a aljihu, ya ce idan allurar da zai yi mata ba ta yi aiki ba shi da kansa zai buɗe. Ya zuƙo ta kashe wuri ya sa daidai inda ƙashin ya karye. A'i ta rufe ido tana salati, tana yi wa albasa da duk wanda ya fara shuka ta addu'ar da ba ta dace ba. Can sai ta yi shiru. Ta buɗe ido ɗaya. Aka ja hannun aka daidaita tana kallo, aka naɗa masa filastar siminti. Da aka gama ta dubi mutanen da suka kewaye ta, ta tuna abin da bakinta ya faɗa, sai gadon ya fara girgiza. Ɗakin gaba ɗaya ya ɗauka, har masu karyayyen haƙarƙari suna roƙon a bari don dariyar na yi musu zafi.

Mako shida hannun na rataye a wuya, ba ta iya allura ba ta iya rubutu. Zaman gida kuma ya gagare ta, Mukhtar ya ce kwana uku kacal ta sake wa kujerun falo wuri sau biyar da hannu ɗaya. Sai likita ya nemi izini aka riƙa tura ta ƙananan asibitocin Aliero da Maiyama tana nuna wa ma'aikata abin da suke yi a Jega. Ba ta iya zana matakala ba, don haka takan ɗaga hannun simintin ta fara da labarin kanta, har da yadda ta miƙa mabuɗi. Idan an gama dariya sai ta ba su labarin Abdussalam da na Zahra'u, a nan kuma ba mai ko tari. Sannan a kawo kwali da bandeji kowa ya ɗaure ɗan'uwansa tana bi tana gyarawa.

A ranar ƙarshe ma'aikatan Maiyama suka haɗu suka ba ta kyautar zakara, ƙato, ja. Ta rungumo shi da hannun hagu a motar haya har Jega, yana leƙen fasinjoji. Tana sauka a tasha igiyar ƙafarsa ta kwance, ya tsallake ya shige ƙarƙashin teburin mai shayi, ya fito ta tsakanin masu lemu. Mutanen tasha suka ga Sista A'i cikin farin kaya, hannu ɗaya a rataye, tana bin zakara tana kiran a tare, dariya ta hana ta gudu. Direbobi uku da mai faci ne suka kama mata shi a bayan masallaci.

An yanka shi ranar Juma'a, ta aika wa likita cinya ɗaya. Ranar Litinin aka fasa simintin, ta motsa yatsunta ta ga duk suna aiki, ta ɗauki kularta ta tsaya wurin Binta aka cika, ta shiga ciki. Akwai mutum huɗu a kan benci suna jiranta.